Kunnen Baba Mai Jita

"Ba zan ba shi ba. Ki gaya masa kada ya wahalar da manyansa, su yi zamansu."

Baba bai ko ɗago kai ba da ya faɗi haka. Wuyan wata tsohuwar jita ne a kan cinyarsa, yana bin ƙarafan da ke jere a wuyan da magagari ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce maganar tsadar gam ake yi, ba maganar auren 'yarsa ba.

Auta ta ajiye samfefar goge katako da ke hannunta, ta zagayo gabansa ta durƙusa.

"Baba, wani abu ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba."

"To wani abin aka gaya maka a kansa?"

"Ba wanda ya gaya mini komai. Baƙo ne, shi ke nan. Ma'aikacin awon ƙasa, yau yana nan, gobe an cilla shi wata uwa duniya. Ni ban haifi 'yar da za a riƙa naɗewa da katifa ana ɗaurawa a bayan mota ba."

Gwaggo, ƙanwar Baba, tana zaune a benci bakin ƙofa tana fifita da wani kwali. Da ma irin wannan take jira.

"Faɗa mata dai, Yaya! Ga yaro nan bango ɗaya ya raba ku, mai shagon gilashi, ya rame ya lalace a kanta. In ta aure shi ko takalmi ba sai ta sa ba za ta zo ta gaishe ka. Amma a'a, ita sai mai yawo a daji da ƙarfe mai ƙafa uku."

Yaron da Gwaggo ke faɗa ya daɗe da ba arba'in baya, kuma in ramewa ce, to tumbinsa bai samu labari ba. Auta ta miƙe. Ta koma mazauninta, ta ɗauki samfefa, ta ci gaba da guga ba tare da tana ganin abin da take gugawa ba.

Ita fa Auta ba yarinya ba ce. Yayyenta duk sun yi aure sun watsu, mahaifiyarsu ta rasu tun tana makaranta, aka bar ta daga ita sai Baba sai shago. Manema sun zo sun tafi. Wasu ita ta sallame su, wasu Baba ya ɗaure musu fuska har suka sallami kansu, kuma ko ɗaya bai hana ta barci ba. Sai da Safiyo, mai awon ƙasan nan, ya shigo da jitarsa mai karkataccen wuya sannan ta san ana iya son mutum har abinci ya fita a rai. Tana son sa, ba ta ɓoye wa kanta ba, yanzu kuma ga shi an yi masa canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisan gaske.

Shagon nasu ɗaki ɗaya ne dogo, tsakanin mai gilashi da mai ɗinkin kujeru. Jitoci ne rataye a bango, wata ta tsage a ciki, wata wuyanta ya karye, wata mai ita ya manta da ita. Tebur ɗaya ne a tsakiya, dogo, na katako mai kauri. Baba a wannan kai, Auta a wancan. Ita ce mai gam da guga da shafa mai. Shi ne mai ɗaure tsirkiya da saitin sauti, kuma a nan sunansa yake.

Duk garin, wanda yake taɓa jita ya san kunnen Baba Mai Jita. Ba ya aiki da na'ura. Wanda tsautsayi ya sa ya ciro waya zai gwada saiti a gabansa, to ranar sai ya gwammace bai fito daga gida ba.

"Kunnenka na katako ne?" in ji Baba. "Allah ya ba ka biyu kyauta, ka je kana tambayar waya?"

Abin da mutanen layin ba su sani ba, kunnen nan ya daɗe da tafiya.

A hankali ya tafi. Siraran tsirkiyoyi ne suka fara ɓace masa, sannan na tsakiya. Maganar mutane kuwa, in mutum yana gabansa yana kallon bakinsa, yana kamawa. In ta baya ce ko ta gefe, an yi asarar yawu. Mutane suka ɗauka miskilancin tsufa ne. Gwaggo ma cewa take, "Yaya dai tun yana yaro ya iya share mutum."

Auta kaɗai ta gane. Wata rana ta ji yana murɗa kunnen wata jita, wato maɗaurin tsirkiya, ya zo daidai ya wuce, ga mai ita a tsaye yana kallo. Ba ta san sanda ta ƙwanƙwasa ƙarƙashin tebur da bayan yatsa ba. Gwiwar hannun Baba tana kan teburin. Ya tsaya cak, ya sassauta, ta sake ƙwanƙwasawa, ya saki.

Tun daga ranar haka suke aiki. Bugu ɗaya, ya isa. Bugu biyu, ya wuce, a dawo baya. In kuma wata tsirkiya tana zuza kamar ƙudan zuma a kan ƙarfe, sai ta taso kamar ta zo ɗaukar almakashi, ta ɗora yatsa a kan ƙarfen da ke da laifi, ta wuce. Shekaru ke nan, kuma ko a shago ko a gida, ɗayansu bai taɓa buɗe baki a kan maganar ba.

Da la'asar ta fita lungun bayan shago zubar da ruwan gam. Safiyo yana jingine da bango, jitarsa a jaka a kafaɗa. Dogo ne, rana ta dafa shi, kuma ba ya iya ɓoye damuwa. Kallo ɗaya ya yi mata ya sauke jakar ƙasa.

"Ya ƙi ko?"

"Ya ƙi."

Ta miƙa hannu ta zuge jakar, don ta samu abin kallo da ba fuskarsa ba. Ta shafa cikin jitar, ta ɗaga ta saitin ido.

"Ka sake barin ta a mota."

"Sau ɗaya ne."

"Sau ɗayan ne ya sa ta fara kumburi a bayan jaki, inda tsirkiyoyi ke kamawa. Na gaya maka zafi yana narkar da gam, tsirkiya kuma ba ta daina ja. Mu ga hannunka."

Ya miƙa mata. Kan yatsunsa duk sun yi kanta, layin tsirkiya ya zauna a kansu.

"Har yanzu matse ta kake kamar ka kama ɓarawo. Kusa da ƙarfe za ka danna, ba tsakiya ba, kuma daidai yadda za ta yi magana kawai. Ka yanke farce. In za ka yi tafiyar nan ka sassauta tsirkiyoyin duka shida kafin ka sa ta a mota, in ba haka ba..."

Ta tura masa jitar, ta juya ta fuskanci bango.

"Auta."

"Ka ƙyale ni."

"Ba zan ƙyale ki ba. Ni na san ba don ni baƙo ba ne Baba ya ƙi."

Ta juyo.

"Me ka sani?"

"Kofin da kike tsoma buroshin gam. Duk sanda Baba zai tsaya da murɗa kunne, sai ruwan cikinsa ya girgiza. Aikina ke nan, Auta, kallon ruwa ya tsaya daidai ko bai tsaya ba. Tun zuwana na biyu na gani."

"Wa ka gaya wa?"

"Haba! Ni?"

Ta zauna a kan wani tsohon bokiti, ta rufe fuska da mayafi. Kuka take ba sauti, don bango ɗaya ne tsakaninsu da Mai Gilashi, shi kuwa kunnensa lafiya lau, bakinsa ma haka.

Safiyo ya durƙusa nesa kaɗan da ita.

"Akwai na'urar saiti, 'yar ƙarama, ana maƙala ta a kan jita. Akwai abin sawa a kunne. Ni zan kai shi asibiti da kaina."

"Kana jin kanka kuwa? Mutumin da tun kafin a haife ni yake ce wa mutane kunnensu na katako ne, shi zai maƙala na'ura a gabansu? Kuma na'urar taka tana jin zuza? Tana jin sanda katakon ciki ya saki yana rawa?"

"To mu tafi da shi. Gidan da za a ba ni ɗaki biyu ne."

"Ya je ya yi me? Ya zauna yana kallon bango? Baba in ka raba shi da teburin nan ka kashe shi."

"To ni in ajiye aikin."

"Mahaifiyarka da ƙannenka su ci me? Kada ka fara."

Can mai ɗinkin kujeru yana ta buga ƙusa.

"Ƙarshen wata aka ba ni," in ji Safiyo. "Ba zan ɗauke ki ba da yardarsa ba, ba a yi mini irin wannan tarbiyyar ba. Kuma ba zan yi miki ƙarya in ce daga can zan iya zuwa kullum ba. Amma wallahi ina son ki, ban taɓa son wata haka ba, kuma ban san yadda zan yi ba."

"Ni ma ban sani ba," ta ce. Ta share ido, ta ɗauki bokitinta ta koma ciki, don ta ji Baba ya fara ɗaure tsirkiya.

Shi Mai Gilashi ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya. Surutu ne dai Allah ya zuba masa, sai kuma naci. Da ya ga Safiyo da jita ya samu shiga, sai ya je ya sayo wata ta hannu, wai shi ma zai koya. Ko riƙe ta bai iya ba. Kwananta kaɗan jakinta ya ɗaga, wato ɗan katakon nan na kan cikin jita da tsirkiyoyi ke kamawa. Auta ta kankare tsohon gam, ta sa sabo, ta matse shi da ƙarfe aka bar shi ya sha iska. Mai Gilashi kuwa ya samu dalilin leƙowa safe da yamma, wai ya zo duba mara lafiya.

Ranar da za a ɗaure mata tsirkiya, tun da hantsi ya shigo cikin sabuwar riga, turare kamar an fasa kwalba. Gwaggo ma ta zo, kuma daga ganin yadda ta zauna Auta ta sha jinin jikinta.

Baba ya kwantar da jitar a tebur, ya kafa gwiwar hannu yadda ya saba. Ya fara da mai kauri.

"Ka gani," yana gaya wa Mai Gilashi, "sabuwar tsirkiya ba a yi mata gaggawa. Ka ɗaure, ka ja ta kaɗan da yatsa, ka sake ɗaurewa. Yau da gobe za ta yi ta sauka, kada ka ce ta lalace, miƙewa take."

"Allah ya ƙara basira, Baba! Wallahi kunnen nan naka ko a ƙasar waje babu irinsa."

Auta ta ƙwanƙwasa. Baba ya saki ta farko ya kama ta biyu. Haka suka bi su, tana guga da hannu ɗaya, ɗayan yana ƙarƙashin tebur, har saura siririyar ƙarshe.

Baba ya zura ta a rami, ya naɗa, sannan ya yi gyaran murya.

"Gwaggonta ta yi mini maganarka. Ni ba na yi wa 'ya'yana dole. Amma na ba ka izini, ka riƙa zuwa gida kuna gaisawa. In Allah ya sa ta amince, ni ba ni da ja."

Mai Gilashi ya zube ƙasa yana godiya har hularsa ta faɗi. Gwaggo ta washe baki tana ta sa albarka.

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. A gabanta, ko a tambaye ta? Wai ba ya yin dole! Ya rufe ƙofar da take so, ya buɗe wadda yake so, sannan ya ce ta zaɓa. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa ji game da mahaifinta ba.

Ta zaro hannunta daga ƙarƙashin tebur. Ta naɗe hannayen biyu a ƙirji.

Ba wai ta shirya mugunta ba ne. So take kawai ya ji shiru ya ɗago, ya dube ta, su haɗa ido, ya san ta san dalilinsa, ya san kuma abin da take yi masa ba ƙaramin abu ba ne. Ɗagowa ɗaya take nema.

Baba bai ɗago ba.

Yana murɗawa yana taɓa tsirkiyar da babban yatsa. Sautin ya hau, ya zo daidai. Auta ta ji shi sarai. Ya wuce. Ya ci gaba da hawa, yana sirancewa, har ya fara soke kunne. Gwaggo ta daina fifita.

Mai Gilashi, wanda bai san komai a jita ba, yana tsaye a bayan Baba yana kakkaɓe hula.

"Baba, anya ba ta yi tsauri ba?"

Baba bai juyo ba.

"Baba? Baba, na ce ba ta yi yawa ba?"

Hannun Baba ya ɗan tsaya a kan kunnen jitar. Auta ta ga ya ƙara danna gwiwar hannunsa a tebur, yana jira. Sai ya sake murɗawa.

Ta kai hannu za ta buga, amma ta makara.

Tas! Tsirkiyar ta tsinke, ta yi bulala ta zane shi a ƙasan ido. Baba ya saki jitar ya dafe fuska. Jini ya biyo tsakanin yatsunsa.

"Innalillahi! Yaya!" Gwaggo ta yi kansa.

Mai Gilashi ya tsaya baki buɗe. Ya dubi Baba, ya dubi Auta. Ya matso daidai bayan kunnen Baba ya tafa hannu da ƙarfi, kai ka ce kaji yake kora. Baba bai ko motsa ba.

"La'ilaha illallahu," in ji Mai Gilashi. "Ashe Baba ba ya ji?"

Wannan kam Baba ya gani, domin a daidai lokacin ya juyo, kuma bakin mutumin yana saitin idonsa mai lafiya.

A ɗan ɗakin ajiya na ƙuryar shago ta wanke masa ciwon. Allah ya tsare idon, fatar ƙasansa ce ta tsage. Gwaggo ta tafi kemis sayo filasta, Mai Gilashi kuma ya fita, wai zai samo ƙanƙara. Ta tagar ɗakin, Auta tana hango shi a ƙofar mai ɗinkin kujeru, yana nuna kunnensa yana yarfa hannu.

Baba yana zaune a kan akwati. Ita tana durƙushe a gabansa da auduga, hawaye ya hana ta ganin ciwon sosai.

"Hannuna ya gaya mini," in ji Baba. Muryarsa ba faɗa a ciki, kuma da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. "Tun kafin ta kai nan na ji ta yi tauri. Shekara nawa ina wannan aiki? Amma ban ji bugu ba. Sai na ce hannuna ne ya tsufa. Na ƙaryata hannuna, na gaskata ki."

"Baba, wallahi ban yi nufin..."

"Riƙe audugar da kyau."

Ta riƙe. Kuka ya ci ƙarfinta har kafaɗunta suna girgiza.

"Shi wancan ɗin, mai awon ƙasa. Ke kika gaya masa?"

Ta girgiza kai da sauri.

"Na sani. Da kansa ya gano. Duk layin nan shi kaɗai ne yake zagayowa gabana kafin ya gaishe ni, ya kuma buɗe baki sosai. Ladabi yake yi mini. Ni kuwa duk sanda ya yi sai in ji kamar ya tuɓe mini riga a kasuwa. Shi ya sa ba na son ganinsa."

"Bai taɓa gaya wa kowa ba, Baba."

"Ai na ga alama. Ga wanda na zaɓa can yana rabawa kyauta."

Ya karɓi audugar daga hannunta ya danna da kansa.

"Ki ce ya turo manyansa."

Auta ta ɗago a firgice. Maganar da ta kwana tana roƙon Allah a kanta ce, amma yanzu da ta zo sai ta ji ba ta son ta ko kaɗan.

"A'a, Baba. Ba haka ba. Na fasa. Wallahi na fasa, zan zauna. Ba zan sake ɗauke hannuna ba har abada."

"Ba ki isa ba."

"Baba, don Allah..."

"Na ce ba ki isa ba. Ki zauna ki yi me? Asirin da kike rufewa ya riga ya kai bakin titi. Kuma ko bai kai ba, kullum na kafa hannu a teburin nan zan riƙa tunanin ko yau ma za ki naɗe hannu. Ke kuma kullum kika buga za ki tuna abin da bugun ya ci miki. Ni ba na son irin wannan zaman da 'yata."

"To kai fa? Wa zai..."

"Gam ba ya bukatar kunne. Guga ma haka. Ai ni na koya miki."

Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Bai ture ta ba, bai kuma dafa ta ba. Haka Gwaggo ta dawo ta same su, ita ma idonta jawur.

"Yaya, shekara da shekaru ina cewa share ni kake yi," ta ce, tana ɓare filasta. "Ka bar ni ina ta ɗaukar alhakinka."

"Wani lokacin ai share kin nake yi," in ji Baba.

Da yamma Auta ta kira Safiyo ta gaya masa Baba ya amince. Ya yi kabbara har wayar ta yi ƙara. Da ta gaya masa yadda aka yi, sai murnarsa ta koma ciki. Ya tambaya ko ya zo ya duba Baba. Ta ce ya bari tukuna.

Washegari Baba ya riga ta zuwa shago. Kafin ta ƙaraso ta jiyo Mai Gilashi tun daga bakin layi, ya leƙa kai ta ƙofa yana kwarara ihu.

"Baba! Ina kwana! Ya jiki! Na ce ya jiki!"

Mai ɗinkin kujeru ma ya fito yana gaisuwa da hannu, irin yadda ake yi wa yaro. Baba ya amsa musu duka, filasta a fuska, bai nuna komai ba.

Ba a jima ba wani tsohon direba ya shigo. Abokin cinikin Baba ne tun na da, mutumin da ke kaɗa jita shi kaɗai a tasha in yana jiran lodi. Da alama labari bai kai gare shi ba. Ya ɗora jitarsa a tebur.

"Mai Jita, me ya same ka a fuska?"

"Aiki ne. Tsagewa ta yi ko wuya ne?"

"Ko ɗaya. Saiti kawai. Ta ukun nan ce take yi mini wata 'yar zuza, na ce ba mai jin ta sai kai."

Auta ta ajiye jakarta ta nufi mazauninta da sauri. Baba ya ɗaga mata hannu, ta tsaya.

Ya ɗauki jitar, ya shafa wuyanta, ya mayar da ita jaka, ya zuge da kansa.

"Ka kai ta shagon kayan kiɗa na bakin kasuwa. Akwai wani a can, yana da na'ura."

Direban ya yi dariya.

"Kai da bakinka? Wanda kake cewa ko ƙarar jirgi ba ya bambancewa da ta babur?"

"Shi ɗin. Ni na daina saiti. Ba na ji."

Dariyar ta tsaya a fuskar direban. Ya dubi Auta, ita kuma ta kasa dubansa.

Baba ya juya ya fuskanci bango, inda fakitocin sababbin tsirkiyoyi ke jere a kan ƙusoshi. Ya jawo wani kwali da ƙafa, ya fara sauke su yana zubawa a ciki, masu kauri daban, sirara daban.

"Baba," in ji Auta. "Ka yafe mini."

Ya ci gaba da saukewa.

"Baba, don girman Allah ka yafe mini."

Direban ne kaɗai ya ji. Ya sunkuyar da kai, ya rataya jitarsa a kafaɗa, ya fita ba sallama.